Furannin Madam a kan tabarmar Adisa

Jama'a, yau na ga saƙon da ba a ci, ba a sha!

Da sassafe Salifu, kukun Bature, ya same ni a gida a Sabonjida, riƙe da damin furanni cikin gwangwanin ruwa. Ja, rawaya, ruwan hoda, an ɗaure da ƙyalle.

Ya ce, "Direba, gobe lorinka za ta Ankara, babban birninmu na kudu, ko? Ƙanwar Madam, matar Bature, ta haihu a unguwar Osu, can bakin teku. Ka kai mata wannan."

Na ajiye wa matata Adisa, na gaya mata na mai jego ne, na wuce tasha.

Da azahar na dawo, sai ga furanni a tabarma cikin rana! Ta tsinke su ɗaya bayan ɗaya, ta shanya, har ta ƙara ganyen darbejiya.

Ta ce, "Maigida, tafiyar kwana uku ce, ɗanye ruɓewa zai yi. Kuma wa ke wankan jego babu darbejiya?"

Muna haka Salifu ya shigo da wasiƙar Madam da ya manta ya ba ni. Da ya ga tabarmar, ya ɗora hannu a ka.

"Wayyo, aikina ya tafi! Ba magani ba ne!"

Na ce, "To me ake yi da shi? Dafawa ko turare?"

"A tebur ake sawa, a riƙa kallo."

"Kallo kawai?"

"Kawai!"

Adisa ta tsaya da tsintsiya a hannu. Ta ce, "Mace ta haihu, a aika mata abin kallo? Ba ga jaririn ba?"