Akwatin Malam Yusha'u Mai Kaset

Duk wanda ya tashi a Unguwar Kanawa ya san shagon nan mai shuɗiyar ƙofa da ke kusa da famfo, ko da bai taɓa shiga ba. Nan Malam Yusha'u Mai Kaset ya yi kusan duk rayuwarsa. Allah ya karɓi abinsa a ƙarshen daminar bara, mu kuwa da muka zauna da shi kan benci ɗaya tun muna samari, har yau ido bai saba da ganin ƙofar a rufe ba.

Mahaifinsa Bakatsine ne, direba a wata ma'aikatar gwamnati. Yusha'u bai yi nisa a boko ba. Yana gama firamare aka kai shi Babbar Kasuwa wajen wani mai gyaran rediyo, a can hannunsa ya faɗa. Da bidiyo ta fara shiga gidajen ma'aikata sai ya dawo unguwa ya buɗe shagon hayar kaset, daga nan sunan ya manne masa har ya shafe na mahaifinsa.

Yana da wata ɗabi'a da sauran masu haya suke yi wa dariya: ba ya ba da kaset ɗin da bai kalla ba tun daga farko har ƙarshe. Saboda haka ba a cika zuwa shagonsa da sunan fim a baki ba. Aike ake yi, a ce a ba mu na yau. Shi zai tambaya wa ke gida. In suruka ta zo daga ƙauye, ya san wanda za a kalla ba tare da wani ya sunkuyar da kai ba. In gidan da aka yi rashi ne kwanan baya, ba zai ba su mai mutuwa a ciki ba, ko da sun nema. In maigida ne ya dawo daga ofis a gajiye, sai ya miƙa masa na faɗa, ya ce wannan ba ya buƙatar tunani. Da wuya a dawo masa da kaset ana ƙorafi. Abokinsa Sambo tela yakan tsokane shi da cewa likitan kallo, shi kuma ya ce gara shi, ai bai taɓa yanka wa mutum wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya ba.

Daga baya ya sayi kyamara ya fara ɗaukar biki. A nan ne aka san ko wane ne shi. Kamu da wunin mata wuri ne da namiji ba ya leƙawa, mata suna sakewa su ajiye mayafi su yi rawarsu. Gidajen da ba su yarda ko ƙanin miji ya tsaya a tsakar gida ba, su ne suke buɗe wa Yusha'u ƙofa. Yakan shiga idonsa a kan kyamara, ya fita bai san wacece ta yi me ba, in ma ya sani ba a taɓa ji a bakinsa ba. Kwafi ɗaya yake yi ya kai wa masu biki. Na asalin kuma, da yake na'urorin gida sukan cinye zaren kaset, iyalai da yawa sukan ce ya riƙe musu. Ya sami wani akwatin ƙarfe irin na lefen da, ya sa masa kwaɗo, yana jera su a ciki. Ko matarsa Harira ba ta taɓa ganin abin da ke cikin ko ɗaya ba.

Cikin kaset ɗin akwai na Nusaiba, 'yar Hajiya Ummukulthum ta Unguwar Dosa, wadda ta yi shugabar makaranta har ta yi ritaya. Nusaiba ta rasu wajen haihuwar fari, ta bar jaririya. Bayan an share makoki Hajiya ta zo shagon da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta kawo har kwafin da ke hannunta. Ta ce ba za ta iya kwana da shi a ɗaki ba, ba kuma za ta iya yar da shi ba. Ta roƙe shi ya haɗa da na asalin ya ajiye, in yarinyar ta girma ta nemi ganin uwarta, sai a zo a karɓa. Yusha'u ya karɓa da hannu biyu, ya naɗe su a farin ƙyalle, ya sa a can ƙasan akwati.

Zamani ya yi ta juyawa a gabansa. Kaset ya tafi, faifai ya zo, shi ma ya tafi. Aka koma tura fim a waya, daga nan kuma kowa ya sayi data ya daina zuwa ko'ina. Yusha'u ya koma gyaran rimot da fanka da cajin waya, yana samun na cefane. Bai yi fushi da zamani ba, dariya ma abin yake ba shi. Yakan ce shi da ya sani tasha wajen hawa mota ce ko gidan rediyo, yanzu ga yarinya tana soya ƙwai a kicin an ce tana da tasha. Mabiya kuma a bayan liman ya san su, yanzu har mai kwaikwayon kukan akuya yana da nasa. Wadda ta fi tsaya masa ita ce kalmar kallo. A da in an ce ana kallo a gidan wane, tabarma ce a shimfiɗe, da maƙwabta, da gyaɗa, da wata tsohuwa tana yi wa mugun fim Allah ya isa. Yanzu in an ce yara suna kallo, kowa yana kusurwarsa ne, fuska a haske, ba mai jin sallamar wani.

Sambo ne abin tsokanarsa a wannan fanni. Bayan la'asar zai zauna a benci ya ce yau sai ya kalli wani abu mai kyau. Sai ya fara jan yatsa a kan waya, ya buɗe wannan ya rufe, ya leƙa wancan ya ce bari dai ya duba na gaba, har a kira magariba bai kalli komai ba, sai ciwon wuya. Yusha'u ya ce masa, "Mutumina, da kaset talatin gare ni kana tafiya gida da murna. Yanzu an ba ka na duniya duka, ka rasa na yau." Shi kansa ƙaramar waya mai madannai yake riƙewa, ya ce ta ishe shi.

Nuraddeen ɗan ƙanwarsa ne, a hannunsa ya girma, shi ya yi masa hidimar karatu har ya gama kwaleji, shi ya tsaya masa wajen aure. Yana da shagon kwamfuta a bakin titi. Wata rana ya tarar da kawunsa ya buɗe akwati yana goge kaset, fumfuna ta fara cin wasu, zaren wasu ya manne. Ya ce ai wannan asara ce ake kallo, in aka ƙara damina biyu babu abin da zai rage. Ya ce yana da na'urar da za ta kwashe su zuwa kwamfuta, a sa wa kowane gida nasa a ɗan ƙaramin memori a kai musu.

Yusha'u ya daɗe yana juya maganar. Abin da ya karya masa zuciya shi ne farin ƙyallen nan. 'Yar Nusaiba ta zama budurwa, yana ganinta tana wucewa makaranta, tafiyarta sak ta uwarta. Ya ji tsoron ranar da za a zo karɓa ya miƙa abin da ya ruɓe. Ya kira Nuraddeen ya ce masa matan mutane ne a ciki, wasu sun zama kakanni, wasu suna kabari, ba a ba shi don wani ido ya gani ba. Nuraddeen ya dafa ƙirji ya rantse, ya ce, "Haba Kawu, ni ne fa." Da wannan kalma aka ɗora akwatin a bayan babur.

Bayan 'yan watanni Hajiya Ummukulthum ta aiko a kira Yusha'u. Ya tafi da fara'arsa, yana zaton lokacin karɓar ajiya ne ya yi. Ya same ta a falo, ta amsa gaisuwarsa a taƙaice, ta miƙo masa waya. Nusaiba ce a ciki, ranar kamunta, tana rawa ɗankwali ya zame, tana dariya tana kare fuska da hannu. An yanko wurin kaɗai, an ƙara masa sauri, an ɗora wani kiɗa na shashanci. A ƙasa mutane sun yi ta rubutu, wani yana yaba ƙugunta, wani yana tambaya ko tana da aure har yanzu. Jikar Hajiya ce ta fara cin karo da shi a wayar wata ƙawarta a makaranta, suna dariya, ba ta ma san uwarta ba ce sai da ta kawo wa kakarta don ita ma ta yi dariya.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam Yusha'u, ni da na haife ta ban iya kallo ba, shi ya sa na kawo maka. Ashe kai ka iya nuna wa duniya." Ya buɗe baki zai yi bayani, ta ce ya tashi ya tafi, tana da baƙi.

Daga can shagon Nuraddeen ya zarce. Abin da ya fi yi masa ciwo, kamar yadda ya faɗa daga baya, Nuraddeen bai ko firgita ba. Ya juyo masa da kwamfuta yana nuna masa tashar da ya buɗe ta bukukuwan da, da yawan waɗanda suka kalla. Ya ce wannan ai adana tarihi ne, mutane suna so, ga masoya nan har daga ƙasashen waje, kuma dama yana shirin kawo wa kawun nasa rabonsa. Yusha'u ya tambaye shi rantsuwar fa. Ya ce ai bai sayar wa kowa ba, ɗorawa kawai ya yi. Yusha'u ya tsaya yana dubansa, yana neman yaron da ya goya a kafaɗa zuwa Idi, bai gan shi ba. Ya ce ya goge, yanzu, a gabansa. Nuraddeen ya goge yana gunaguni, sannan ya ce gaskiya wasu sun riga sun kwafa sun sa a nasu tashoshin, wannan kuma ba ya hannunsa.

Tun daga ranar bencinmu ya canza. Mutumin da ya ƙi babbar waya ya karɓi ta 'yarsa Yasmin, ta koya masa yadda ake nema da yadda ake kai ƙara a cire abu. Ya zauna yana jan yatsa kamar Sambo, sai dai Sambo bai sake tsokanarsa ba. In ya rubuta rawar amarya sai amare su zubo ba iyaka, na Kano, na Zariya, na ƙasashen da bai san sunansu ba, kowace da irin fuskar da yake nema. Ya sami Nusaiba a wuri ɗaya ya kai ƙara, kafin a cire ta ɓullo a wani da sabon kiɗa. Wayar kuma ta ɗauka abin da yake so ke nan, ko buɗe ta ya yi don duba lokacin salla sai ta tura masa mata suna rawa. Ya ce wa Sambo, "Ka ga, ita ma tana zaɓa wa mutum. Sai dai ba ta tambaya wa ke gida."

Maganar ta zaga unguwa, domin ba Nusaiba kaɗai aka ɗora ba. Wasu magidanta suka daina amsa sallamarsa. Ba wanda ya ce Nuraddeen, kowa cewa yake kaset ɗin Yusha'u. Shi kuma bai taɓa tsayawa a masallaci ya wanke kansa ba, ya ce shi aka ba, shi ya miƙa. Ya karɓo akwatinsa, ya riƙa bin gida gida da ƙafa yana mayar wa kowa nasa yana neman gafara. Wasu suka karɓa suka ce Allah ya kiyaye gaba, wasu suka karɓa ta hannun yara. Gidan Hajiya ya je ya fi a ƙirga, kullum a ce ta kwanta ko ta fita. Bai yarda ya bar ƙyallen a hannun mai gadi ba. Ya ce hannu da hannu aka ba shi.

Hawan jini ya kama shi, ya rame, ya daina zama a benci sosai. Nuraddeen ya zo dubiya da lemo da ayaba, Yusha'u ya amsa gaisuwarsa, ya tambayi iyalinsa, ya juya fuska bango. Ko a kwanakinsa na ƙarshe yakan ce wa Yasmin ta duba masa ko an cire. Takan ce an cire, Baba. Ya san ba haka ba ne, amma yakan ce Allah ya yi miki albarka.

Ana zaman makokinsa sai ga Hajiya Ummukulthum da jikarta. Ta shiga wajen Harira ta zauna, suka gaisa. Harira ta tashi ta buɗe akwatin, babu komai a ciki sai farin ƙyallen, ta ɗauko ta ɗora mata a cinya. Hajiya ta shafa shi, ta ce ta san ba shi ya yi ba, tun a makon farko aka gaya mata. Duk zuwan da yake yi tana jin muryarsa daga ɗaki, ta kasa fitowa ne, don in ta gan shi Nusaiba take gani. Ta ce ta yafe masa. Harira ta ce, "Da kin aiko masa da ko da yaro ne, Hajiya. Kullum sai ya tambaya." Hajiya ta rufe fuska da mayafi.

Jikar ce ta tambaya a hankali ko akwai inda za a sa mata kaset ɗin ta ga bikin gaba ɗaya, ba guntun nan ba. Aka dubi juna. Na'urar da ta rage mai aiki a unguwar ita ce ta shagon Nuraddeen. Hajiya ta ƙulle ƙyallen a bakin mayafinta, ta ce su tashi su tafi gida.

Allah ya jiƙan Yusha'u, ya sa ya huta, ya ba shi maƙwabtan da suka fi mu riƙon amana.