Kalarsa Ce, Na Ce, Suka Karya Masa Hannu

Edita, ina roƙon ka ba ni wuri a shafin masu karatu in sauke wani abu da ya daɗe yana cin raina. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan faɗi na kowa ba. Lokacin da abin ya faru shekaruna ashirin da bakwai, aurena bai fi wata takwas ba, muna zaune ni da matata a ɗaki ciki da falo a Ketaren Gwari, nan Minna. Sana'ata acaɓa. Ranakun kasuwa nakan bar fasinjan cikin gari in bi ƙauyukan da ke kan hanyar Gwada, ina ɗauko wa 'yan kasuwa doya da buhunan hatsi zuwa bakin titi. Babur ɗin yayana ne ya saya mini bayan na shafe shekaru ina zaman kashe wando, don haka ina ji da shi kamar raina. Ni mutum ne mai surutu da barkwanci, kuma a tasharmu ta 'yan acaɓa da kala muke kwatanta mutum kafin komai. Wannan baƙi, wancan ja, wancan wankan tarwaɗa. Ban taɓa ganin aibun hakan ba.

A shekarun nan hankalin jama'a a tashe yake saboda sace mutane da shanu a ƙauyuka. Kullum akwai sabon labari a tasha, kuma kowane labari da "jajayen nan" yake ƙarewa. Kowa ya san wa ake nufi, wato Fulani. A hankali kalmar "ja" ta tashi daga kalar fata ta koma tuhuma, mu kuwa muna faɗinta muna dariya, har da ni, alhali matar da muke sayen nono a wurinta tun ina yaro Bafulatana ce, kuma ba ta taɓa yi mana komai ba sai alheri.

Wata ranar kasuwa na ajiye babur a gindin wani mangwaro na shiga masallaci sallar azahar. Muna sallamewa na waiga ta ƙofa, sai na hango mutum yana tura babur ɗina da gudu. Ya ɗane kai, ya tashe shi a giya, ya bi wata 'yar hanya cikin gonaki. Na fito ba takalmi ina ihu, amma ya riga ya yi nisa. Abin da na gani a gaskiya shi ne bayan mutum, doguwar riga shuɗiya da ta koɗe, da ƙyalle da ya naɗe kansa da wuyansa. Ban ga fuska ba. Ko hannunsa ba zan iya rantsewa na gani ba. Amma da mutane suka taru, shugaban 'yan bangar ƙauyen ya tambaye ni kamannin ɓarawon, sai na ji bakina yana cewa ja ne, siriri. Tun ban rufe baki ba jama'a suka ɗauka da "ai dama", kowa yana gyaɗa kai. Babu wanda ya tambaye ni tsayinsa, ko tafiyarsa, ko na ga fuskarsa. Shugaban ya karɓi lambar wayata, ya ce in je gida, za su nemo shi.

Sati guda na yi a gida kamar marar lafiya. Matata ta tambaye ni sau biyu ko na ga fuskar mutumin da kyau. Na farko na ce mata eh, na biyu na daka mata tsawa na ce ko ita ma tana ganin ƙarya nake yi. Gaskiyar magana, zuwa lokacin ni kaina na yarda na gan shi. Na maimaita labarin sau da yawa har fuska ta fito mini a zuci, doguwa, ja, mai siririn hanci.

Da kasuwa ta zagayo, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe aka kira ni aka ce an kama shi. Wani abokina ya kai ni. Muka tarar da taro a gindin mangwaron nan, an zaunar da wani mutum a ƙasa, an ɗaure hannuwansa ta baya. Zai kai shekara talatin da biyar. Kaftaninsa fari mai tsafta ya yage a kafaɗa, tef ɗin awo na leƙowa daga aljihunsa. Laifinsa shi ne baƙo ne, ja ne, kuma an gan shi tsaye kusa da inda ake ajiye babura. Yana ta bayani da Hausarsa ta 'yan Minna sak, cewa shi tela ne daga Chanchaga, kayan biki ya kawo wa wani da ya ba shi ɗinki, yana jiran abin hawa ne zai koma. Babu mai sauraronsa. Da aka buɗa mini hanya na tsaya a gabansa, ya ɗago kai ya dube ni.

"Malam, don Allah ka dube ni da kyau," in ji shi. "Ka taɓa ganina?"

Shugaban 'yan banga ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai muke jira. Shi ne?"

Na san ban san shi ba. Wallahi a cikin zuciyata na sani. Amma mutane sun fi hamsin suna kallona, sun bar sana'arsu saboda ni, kuma sati guda ina cewa na ga ɓarawon. Na ji kunyar in ce ban tabbata ba. Sai na nemi maganar da ba eh ba, ba a'a ba, na ce, "Kalarsa ce."

Ban ƙara ko kalma ɗaya ba, su ma ba su nemi ƙari ba. Ba zan bayyana abin da ya biyo baya dalla-dalla ba. Sanduna ne, da ƙafafu, da wani icen girki da wani ya zaro daga murhun mai tuwo. Na ji yana kiran sunan Allah, daga baya na daina jin muryarsa. Ban ɗaga masa hannu ba, kuma na daɗe ina fakewa da wannan. Na ja da baya na tsaya a bayan rumfa har 'yan sanda suka iso suka ɗauke shi a mota. Na ba da bayanina na koma gida, na ce wa matata an kama ɓarawon amma ya ƙi faɗin inda babur yake.

Bayan sati uku wani makaniki a cikin Minna, wanda ya saba gyara mini, ya aiko a kira ni. An kawo masa babur a canza masa wasu kaya, an sake masa fenti an cire lamba, amma ya gane waldar da shi da kansa ya yi a wurin ɗora kaya. Wanda ya kawo babur ɗin ɗan tasharmu ne. Tare muke cin abinci a kwano ɗaya, ya zo ɗaurin aurena, har jaje ya zo ya yi mini a gida. Da aka matsa masa ya amsa cewa shi ya bi ni kasuwa a ranar, shi kaɗai. Kuma, Edita, mutumin nan ya fi ni baƙi.

Aka yi ta zuwa yi mini barka, ana cewa Allah ya mayar mini da haƙƙina. Cikin duk masu barkar babu wanda ya tuna da telan, sai matata. Tana zuba mini abinci ta tambaye ni, ba tare da ta dube ni ba, shi wancan bawan Allah fa? Abincin nan ban ci shi ba. Na je wurin yayana, ya ce in rufa wa kaina asiri, tunda an riga an sake shi in bar maganar, in na je neman sa zan iya jawo wa kaina ƙara. Na je wurin mahaifiyarmu ina fatan ita ma ta ce haka. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ba ta haife ni don in kwana da haƙƙin mutum a wuyana ba, in tashi in neme shi, ko ɗaure ni zai sa a yi.

Na yi wata guda ina jan ƙafa kafin na tafi Chanchaga. Na shiga shagon wani dattijon tela, na gaishe shi, sai na ji kaina ina cewa ina neman wani tela ja. Dattijon ya cire tabarau ya dube ni, ya ce su a nan teloli suna da sunaye, wanne nake nufi? Kunya ta rufe ni. Na ce wanda aka daka a kasuwar ƙauye. Sai ya nuna mini wani gida mai jan ƙyaure a ƙarshen layi.

Na yi sallama a zaure. Ya fito. Hannunsa na dama na ɗaure da karan ɗori, wannan na yi tsammaninsa. Abin da ban yi tsammani ba shi ne tafiyarsa. Ƙafarsa ta hagu siririya ce, a shanye, yana dafa gwiwa da hannu yana jan ta. Da farko na ɗauka dukan ne, ashe shan inna ce tun yana ƙarami. Ranar a zaune na same shi, kaftani ya rufe ƙafar, ni kuwa ban duba komai ba sai fatarsa. Ya gane ni nan take. Ya nuna mini tabarma, ya zauna, ya ce in matso ta damansa don kunnen hagu ya daina ji. Na durƙusa na faɗa masa komai, har da cewa ban ga fuskar ɓarawon ba. Ya tambaye ni to me na gani. Na ce na ga mutum yana tura babur da gudu ya ɗane.

"Da gudu," ya maimaita. Ya dubi ƙafarsa. "Malam, da wannan kaɗai ka faɗa musu, da sun kwance ni. Ni ban yi gudu ba tun ina shekara huɗu."

Na fashe da kuka. Ya bar ni na yi, sannan ya ci gaba da magana a hankali, ba faɗa. Ya ce a Minna aka haife shi, mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mahaifiyarsa Bafulatana. Ya ce tun yana yaro ake kiransa da kalarsa, yana amsawa, bai san wata rana ita za a kafa masa shaida ba. Abin da ya fi yi masa ciwo, in ji shi, masu zuwa dubiya ne da ke cewa ai da sun san ɗan gari ne ba na daji ba da ba su taɓa shi ba. Ya ce kawunnansa a ruga suke har gobe, ba su taɓa ɗaukar allurar wani ba, to su kenan ya halatta a dake su? Muna cikin haka mahaifiyarsa ta leƙo, tsohuwa ce tukuf. Ta ji komai daga ciki. Ta ce mini ta goya shi har ya shekara bakwai don ba ya iya tafiya, ta sayar da saniyarta ta saya masa keken ɗinki don ya ci abinci da hannunsa, yanzu hannun muka taɓa. Ta ce, "Ɗan nan, tashi ka tafi." Na dube shi ina roƙon gafara. Ya ce bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba, in ba shi lokaci.

Shekara huɗu ke nan. Hannun ya warke a karkace, ba ya iya riƙe almakashi da kyau, sai wani abokin sana'arsa ya yanka masa yadi shi kuma ya ɗinka. Na je ofishin 'yan sanda na gyara bayanina, na je ƙauyen na faɗa wa shugaban 'yan banga gaskiya, ya ce kuskure ne, Allah ya kiyaye gaba, ya ci gaba da cin gyaɗarsa. Wanda ya sace babur ya yi zamansa na gidan yari ya fito. Ni babu wanda ya hukunta ni, kuma wannan bai sa na ji sauƙi ba.

Na yi ta tunani ko laifi ne a ce mutum ja ne ko baƙi. Allah ne ya yi mu kala-kala, ban ce a rufe ido ba. Amma na gane cewa a bakinmu kalmar ba ta tsayawa a fata. In muka ce ja, mun riga mun faɗi ƙabilarsa, da sana'arsa, da halinsa, da laifin da muke zaton zai iya yi. Kuma ba ta nuna mutum ɗaya. A kasuwar nan ranar akwai jajaye da yawa, duk wanda hannu ya faɗa a kansa zai dace da kwatancena. Mafi muni, ni ban ma ga jan ba. Abin da kunnena ya saba ji shi idona ya ba ni.

Don haka ina jan kunnen duk wanda zai karanta wannan, musamman 'yan uwana masu sana'a a tasha da kasuwa, inda taro ke haɗuwa cikin minti ɗaya. In aka tambaye ka kamannin wani, faɗi abin da ka gani, tsayinsa, tafiyarsa, rigarsa, inda ya bi. In ba ka gani ba, ka ce ban gani ba, ko mutum ɗari ne ke kallonka. Kunyar minti biyar ce, ni na guje ta na sayi ta shekaru. Kada ka ɗauka don ba ka ɗaga sanda ba hannunka a wanke yake.

Duk Juma'a nakan bi ta shagonsa in gaishe shi. Yana amsawa, wani lokaci har ya tambayi iyalina. Maganar yafiya bai sake tayar da ita ba, ni ma ban da bakin tambaya. Sai dai duk sanda na yi sallama, sai ya tsayar da keke, ya juyo da kunnensa na dama kafin ya ji abin da na ce.