Tasere Belem, Mai Tsaron Karnukan Wahiguya

Kafin rana ta yi zafi, Tasere Belem ya riga ya isa bayan ofishin kula da dabbobi, inda ake kulle karnukan da suka ciji mutane. Zai wanke ɗakunan, ya zuba ruwa, ya tsaya gaban kowane kare yana duban idonsa da bakinsa. Doka ta ce duk karen da ya yi cizo a tsare shi a ga ko mahaukaci ne, kuma wanda ya maimaita ba ya komawa gida. Wasu suka rubuta dokar, Tasere ne ke shiga gidajen mutane da igiya.

Aikin bai bar masa abokai ba. A teburin mai shayi sukan ce, "Ga surukin karnuka nan, a matsa masa." Ya yi murmushi, ya ɗauki kofinsa ya koma ƙarshen benci. Matarsa ta rasu tuntuni, 'ya'yansa suna gonakin koko a Kwaddibuwa.

Mutanen unguwar kasuwar hatsi ba su manta da Sabila ba, baƙin karen wata tsohuwa, Yaaba Napoko, wadda ba ta da kowa sai shi. Ranar da ya yage ƙaurin Ablase mai gawayi, karo na biyu ke nan da ya ciji mutum, samari suka taru da sanduna. Tasere ya tsaya a ƙofar gidan.

"Ku ajiye sandunan. In kun kashe shi, wa zai gaya wa Ablase ko cizon mahaukaci ne?"

Ya sa aka wanke raunin da sabulu, aka kai mutumin asibiti. Sannan ya shiga shi kaɗai, ya fito da karen a ɗaure.

"Ɗana, yaushe za ka dawo min da shi?" in ji tsohuwar.

"Yaaba, ba zan yi miki alkawari ba."

Daga ranar, kullum da yamma sai ya biya gida biyu da babur ɗinsa. Ya ce wa Ablase, "Yau ma ya ci, ya sha ruwa, kwantar da hankalinka." Ya wuce ya gaya wa tsohuwar haka nan. Ita kuma ta ƙulle masa tuwon gero a leda. "Ba naka ba ne, kada ka cinye a hanya."

Aka tabbatar karen ba mahaukaci ba ne, Ablase ya warke. Amma hukuncin yana nan. Tasere bai aika kowa ba, da kansa ya je ya durƙusa ya faɗa wa tsohuwar za a kashe Sabila. Ta ce ya kai ta wajen karen. Ya goya ta a babur, ta zauna bakin ɗakin tana ba Sabila tuwo da hannunta har ya ƙoshi. Ya mayar da ita gida, ya dawo ya yi abin da doka ta ce. Tun daga nan Yaaba Napoko ba ta sake amsa gaisuwarsa ba. Shi kuwa bai fasa gaishe ta ba har ta rasu, kuma yana cikin waɗanda suka haƙa kabarinta.

Tasere, kai ne garkuwar masu tafiya a ƙasa. Kai ne ka ɗauki fushin masu karnuka da tsoron waɗanda aka ciza, ka tafi da su gida ba wanda za ka gaya wa. Mun gode.

A watan jiya ya ajiye aiki. Masu karnuka, ku ɗaure su, ku kai su allura, kada wani ya sake durƙusawa gaban tsohuwa da irin wannan labari. Wanda aka ba amanar doka kuma ya riƙe ta yadda Tasere ya riƙe. Yanzu yana wuni a gindin darbejiyar ƙofar gidansa da rediyo. In kun bi ta wajen, ku tsaya ku zauna da shi. Yana son hira, mu ne dai ba mu taɓa zama ba.