Gurasar Farko ta Inna Safara'u

Da an sallame Azahar, Inna Safara'u ta Unguwar Shanu za ta hura tanderu, ta buɗe ƙullun da ta kwaɓa tun safe, ta fara manna gurasa. Ta farkon da ta ciro ba ta sayarwa ba ce. Ita za ta gutsura, ta tauna. In ta gyaɗa kai, a fara ciniki. In ba ta gyaɗa ba, ranar babu gurasa. Shekara ashirin da shida tana haka, sai bana da hayaƙi ya taɓa mata ido, likita ya ce ta bar wuta.

Ni Audi Masinja na fi kowa sanin abin da za a rasa. Ban taɓa zama a aji ba, amma na je yaƙi na dawo da ƙafafuna, kwalara ta kwantar da layinmu ta bar ni tsaye, kuma duk Kaduna babu harshen da ya kai nawa sanin abinci. Baƙon da aka turo ofishinmu, ni ake damƙa wa. Ba ruwana da mota. A ƙafa nake ɗauko shi daga ofishinmu da ke Doka, mu ɗanɗana ƙosai, mu kurɓi kunun zaƙi, mu sayi tsire wajen Idi, in ce kada ya taɓa. Sai mun kai ƙofar Inna, a tsaga gurasa da zafinta, a barbaɗa ƙuli da yaji da albasa, a zare tsiren a ciki, a naɗe. Nan baƙo yake daina magana.

Shekarar da aka hana shigo da alkama, na kawo manya uku daga Sakkwato, ina cika baki tun daga Doka. Muna isa ta ciro ta farko, ta tauna, ta tofar.

Ta ce, "Soja, yau babu."

Na ce, "Haba Inna! Ga ƙamshi har titi!"

"An cakuɗa mini fulawar da garin rogo. Ba na ba baƙo wannan da sunana."

"A cika yaji mana, wa zai gane?"

"Ni na gane. Kai mai kurin harshe, ashe na surutu ne kawai?"

Baƙi suka yi dariya har ɗaya ya dafa bango. Muka ci tsire tsura a tsaye, ita kuwa ta juye wa awaki ƙullun kaf. Kwana uku ban bi layin ba don kunya. Ran na huɗu na tarar da Sakkwatawan nan a kan benci, sun kawo kansu ba tare da ni ba.

Ke ce, Inna, kika kunyata ni sau ɗaya, kika fitar da ni kunya sau dubu. Bakanuwa mai hannun wuta, ba ki taɓa ɓoye aibi a ƙarƙashin yaji ba.

Da ta miƙa tanderun ga 'yarta Hasana, hankalina bai kwanta ba. In gurasar ta lalace, ina zan ƙarasa da baƙona? Jiya na je ni kaɗai da tsirena a takarda. Hasana ta ciro ta farko, ta gutsura, ta tauna, ba ta gyaɗa kai ba.

Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ƙullun bai tashi ba. Sai gobe."

Daga cikin ɗaki Inna ta ɗaga murya: "Soja ne? Tambaye shi ko a cika yaji!"

Na koma gida da yunwa ina dariya.

Na gode, Inna Safara'u. Allah ya ba idonki lafiya, ya sa ki huta da daɗi. Ku kuma masu tuya da gashi a bakin titi, ku riƙa sa wa bakinku kafin ku sa wa na mutane. Hasana, ki kwaɓa da wuri. Jibi ina da baƙo, kuma na riga na cika baki.