Ranar da Aka Yi wa Baba Ƙaho

Ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya a Kano ƙafar Baba ta hagu ta kumbura. Direba ne, ya daɗe yana jan bas daga Kibiya ya bi ta Rano zuwa Kano, kuma dogon zaman nan na mota shi ya jawo masa. Likita ya ce jini ne ya daskare a jijiyar ƙafar, idan kuwa gudan jinin ya ɓalle ya tafi huhu, to sai dai wani ba shi ba. Aka ɗora shi a kan wafarin, wata 'yar ƙwaya mai tsinka jini don kada ya riƙa daskarewa. Yayana ya karɓi motar, Baba ya dawo gida Nariya ya zauna.

Ni kuwa abin nema ya samu. Mun gama karanta wannan magani a aji ke nan, na ci jarrabawarsa da kyau, kaina ya kumbura ya fi ƙafar Baba. Na zauna na rubuta dokoki a bayan wata tsohuwar kalanda na liƙa a bangon ɗakinsa. Kada ya kuskura ya sayi maganin ciwon jiki a kyamis. Kada yau ya cika cikinsa da kwaɗon zogale gobe ya daina, domin ganye yana rage wa maganin ƙarfi. Asuwaki ma a hankali. Idan ya ga jini a dasashi ko a fitsari, ko bayan gida ya yi baƙi, a kira ni ko ina cikin aji. Baba bai yi boko ba, sai ya tsaya ya kalli takardar ya ce, "To, Malama Likita, mun ji mun bi."

Sigari ma sai da na raba shi da ita. Tun kafin a haife ni yake sha, a ɓoye wai, alhali rigarsa kullum tana tona masa asiri. Na kawo masa cingam ɗin nan na masu son daina taba, wanda ke kashe musu ƙawarta. Ya juya shi a hannu ya ce, "Yanzu da gemuna zan riƙa taunar cingam kamar 'yan mata a gidan biki?" Amma ya tauna, kuma cikin wata biyu ya daina. Babu wanda ban ba labari ba a makaranta.

Akwai abin da na karanta na manta. Mai shan wafarin idan ya bar taba, maganin kan ƙara ƙarfi a jikinsa. Haka kuma ƙwayar da Baba ke sha kullum saboda gawut, tsohon ciwonsa na babban yatsan ƙafa, ita ma tana ƙara masa kaifi. Gwajin jini ne kaɗai ke nuna inda aka tsaya. Ranar gwajin Baba ta faɗo cikin hidimar Babbar Sallah, ya ce a bari sai an gama cin nama, ni kuma da bakina na ce babu komai.

Nama kuwa ya ci shi. Hanta, ƙoda, tumbi, duk abin da mai gawut bai kamata ya kusanta ba. Kwana huɗu da Sallah yatsan ya tashi, ya yi jawur yana sheƙi, ko gefen zani ya shafe shi sai Baba ya yi salati da ƙarfi. Na ce ya daure, jibi Litinin mu je asibiti. Washegari da safe na tafi Kibiya yi wa gwaggona barka da Sallah.

Ana kiran azahar na dawo. Tun daga bakin zaure na hango zabirar wanzamin gidanmu a ƙasa, gabana ya yanke ya faɗi. Dattijo ne, shi ya yi mini askin suna, shi ya yi wa yayana kaciya, kuma duk shekara yakan zo ya yi wa Baba ƙaho ya cire masa mataccen jini. A gidanmu ba a lissafa ƙaho cikin magani. Gyaran jiki ne kawai, kamar aski.

Baba yana kwance rub da ciki a kan tabarma, babu riga. An yi masa tsaga wuri huɗu a gadon baya, wuri biyu a saman ƙafar mai ciwo. An riga an cire ƙahonin, amma kowace tsaga tana ta tsattsafo da jini, ba ya gudu, ba ya kuma tsayawa. Jinin tsararo ne kamar zoɓo. Tabarmar ta jiƙe har ya fara bin ƙasa. Inna tana tsaye a ƙofar cikin gida ta dafe ƙirji.

Wanzamin ya ɗago ya dube ni. "'Yata, zo ki gani," ya ce. "Tun hantsi nake fama. Na sa garin maganina sau uku, jinin nan wanke shi yake yi. Tun da na gaji aska ban taɓa ganin haka ba."

Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba. Na ce wa ya aike shi, na ce kashe mana uba zai yi, na faɗi maganganun da har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Inna ta ce, "Ke, sa'an ubanki ne fa!" Na ce ta kawo mini wankakkun zannuwa, duk wanda ta samu. Na ninke ɗaya na danne bayan Baba da dukkan ƙarfina, na ce wa wanzamin ya ɗaga ƙafar sama ya danne ta da wani. Bai yi musu ba. Na kira yayana, yana tashar Rano yana lodi, ya sauke fasinjojin ya taho.

A cikin motar na durƙusa tsakanin kujeru, tafin hannuna biyu a kan bayan Baba, Inna ta rungume ƙafar a cinyarta. Duk ramin da muka faɗa sai na ji ɗumin jini ya sake ratso zanin. Na laluba wuyan hannunsa, bugun jinin yana sauri amma siriri, da ƙyar nake jin sa. Jikinsa ya yi sanyi, ga gumi. Ya ce ƙishirwa yake ji. Na san ma'anar wannan duka, domin na rubuta shi a jarrabawa, kuma da ma ban sani ba da ya fi mini sauƙi.

Mun kusa shiga Rano Baba ya juyo da fuskarsa gefe. "Malama Likita," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ki daina ganin laifin bawan Allahn nan. Ni na aika aka kira shi. Kuma sai da na kai wa maƙwabcinmu malamin makaranta takardarki ya karanta mini, sau biyu. Babu ƙaho a ciki."

Gaskiya ne, babu. Na kwafo abin da ke cikin littafi ne tsaf, ban ɗaga kai na dubi gidanmu ba.

A asibiti wata babbar nas ce ta tarbe mu. Ta tambayi magungunan da yake sha, na lissafo mata. Ta ce yaushe aka yi masa gwaji na ƙarshe, na faɗa, ta dube ni ta saman tabarau. Aka yi masa allurar bitamin K, wadda ke warware aikin wafarin, aka sa masa ƙarin ruwa, aka naɗe tsagogin tam. Gwaji ya nuna jininsa ya tsinke fiye da kima. Yayana ya ba da jini leda ɗaya. Sai bayan la'asar sakaliya bandejin da aka canza ya zauna fari.

Na ɗauka an gama. A rana ta uku likita ya zo zagaye ya ce za a mayar da Baba kan wafarin, an dai rage yawansa, domin gudan jinin nan yana nan a ƙafa bai gama narkewa ba. Babbar nas ta san ɗaliba ce ni, sai ta ɗora mini ƙwayar a tafin hannu ta ce in ba shi.

Baba ya kalli ƙwayar, ya kalle ni. "Wannan ba shi ne ya so ya kai ni lahira ba?"

"Shi ne, Baba."

"In na bar shi fa?"

"Gudan jinin zai iya tafiya huhu."

Ya ce, "To ke wanne kika fi tsoro?"

"Duka biyun," na ce, kuma sai hawaye suka zubo mini.

Ya miƙo hannu ya ɗauki ƙwayar da kansa, ya yi bisimilla ya haɗiye, ya koma ya kwanta ya juya mini baya. Na jawo kujera na zauna dab da gadon, na kafa wa bandejin ido, ina jiran in ga ko ja zai ɓullo.