Ajinmu Ɗaya da Baba

Babana shekara talatin da biyu yana sayar da takalma. Idan ka shigo shagonsa ba ya tambayar lambar ƙafarka, kallo ɗaya zai yi maka ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko maka daidai ƙafarka. A shekarar da na samu gurbi a jami'ar gwamnati, sashen koyon tallan kaya, sai ga shi da tasa takardar shiga. Ashe tare muka cike, ni ce kawai ban sani ba.

"Baba, duk sassan jami'ar nan sai nawa?"

"Naki? Ni da na riga ki talla tun ba a haife ki ba."

Haushi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Yana zama layin gaba, da jakar leda da tabarau mai ɗaure da zare, ni kuwa can ƙurya. Kafin wata guda 'yan aji sun sa masa suna Dattijo, har suna riƙe masa kujera.

Matsalar Baba ɗaya ce, musu da littafi. Akwai darasin halayyar mai saye. Malamin ya ce idan mai saye ya yi kukan tsada, a zayyana masa ingancin kayan. Baba ya ɗaga hannu.

"Malam, a yi haƙuri. Takalmin da ya shigo da shi ake kallo. In an sha kai shi wajen mai gyara, ba shi da kuɗin ne, a sauko masa. In sabo ne, ciniki yake so, a ba shi kujera."

Aji ya yi tafi, jarrabawa kuwa ba ta tafi. Sau biyu yana rubuta irin wannan, sau biyu yana faɗuwa. Dokar sashen kuma a fili take: wanda ya faɗi darasi ɗaya sau uku, sai sallama.

Na same shi a shago yana goge kaya. Na ce, "Baba, don Allah ka rubuta abin da ke littafi. Ba a tambaye ka tarihin kasuwa ba."

Ya ajiye takalmin da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Ina aji shida mahaifina ya zo ya ɗauke ni, ya ce shago ba kowa. Ba na so a sake fitar da ni daga aji."

Ban taɓa jin wannan ba, kuma ya taɓa ni sosai. Sati uku muna bita tsakanin kwalaye. Ni ce malama, shi ne ɗalibi mai taurin kai. Yana haddacewa yana tsaki.

Ranar jarrabawa ina layi huɗu a bayansa. Ana saura minti ashirin na ga ya ɗaga hannu yana neman ƙarin takarda. Na san abin da ƙarin takarda ke nufi a wurin Baba.

Da muka fito na tare shi. "Me ka rubuta?"

"Na ba su nasu tsaf, shafi uku. Sai na ja layi na sa nawa a ƙasa."

Sai na karɓi jakarsa.

Da aka manna sakamako a allon sashen, ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce ni in duba. Maki arba'in ake nema. Na bi lambarsa da yatsa.

"Arba'in da ɗaya, Baba."

"Sake karantawa."

Na sake. Ya nemi matakala ya zauna. 'Yan aji suka kewaye shi suna murna, shi kuwa ƙasa yake kallo. Sai da suka watse ya jawo ni kusa.

"In mun je gida ki ce wa babarki na ci. Makin ki bar shi a nan."