Irin Gyaɗar Dada

Daminar da ta biyo bayan rasuwar Dada, mahaifiyarmu, Baba ya ce zai shuka irin gyaɗarta. 'Yar ƙarama ce ja, daga ƙauyensu ta zo da ita, babu irinta a kasuwar Jimeta. Baba mutumin ofis ne, ko riƙon fartanya bai iya ba, amma wa zai hana shi?

Muka shuka rabi a filinmu na bayan unguwar Shagari Low Cost. Kafin ta tsiro, wani abu ya bi layi yana tone ta. Yayana ya rantse gafiya ce, ya ɗana tarko da magariba, tarkon ya kwana da yunwa. Aka tura ni gadin rana, ina ta ƙunƙuni.

Da hantsi na gan shi. Jikinsa launin ƙasa, farin layi a kowane gefe, kunnuwa kamar an gutsure, ga jela buzu-buzu. Ya miƙe a kan ƙafafun baya ya ƙare mini kallo, ya tono ƙwaya ya cusa a baki, ya shige rami. Kurege ne. Gafiya ba ta yawon rana, shi kuwa lokacin yake cin kasuwarsa.

Baba ya sake shuka sauran irin, duka. Na roƙe shi ya rage ko tafi ɗaya.

"Dadanku ba ta barin iri a ɗaki da damina," ya ce.

Muka yi ta gadi, amma ɗan banzan ya fi mu haƙuri. Da mun tafi sallar azahar sai ya fito, har ya gama da gonar.

Ashe ba duka yake ci ba, binnewa yake nan da can ya manta. Wata safiya muka ga gyaɗar Dada ta tsiro a filin maƙwabci, inda ake shirin gini. Baba ya roƙi leburori su jira kaka. Suka ce oga ba ya gari, su dai aiki aka sa su.

Da muka dawo washegari, tifa ta juye yashi a kan wurin. Baba ya durƙusa da farar rigarsa yana tonawa da hannu. Ranar da Dada ta rasu ban ga hawayensa ba, sai a nan. Ni ma na durƙusa muka ci gaba da tonon.